Tsohuwar motar Japan mai ƙofa biyu: Yadda ake tayar da ita ba tare da an zubar da darajarta ba

A unguwar Kambarawa, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, ba a rasa gidan da aka jingine tsohuwar mota a jikin katanga ko a ƙarƙashin darbejiya. Tayoyinta sun sace, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Mafi yawan waɗannan motoci na iyali ne, irin su Peugeot 504 da Datsun da Toyota masu ƙofa huɗu. Amma jefi-jefi akan ci karo da wata daban: ƙofa biyu, doguwar bonet, gajeren baya, ga ta kusa da ƙasa. Irin su Toyota Celica da Honda Prelude da Datsun mai harafin Z ke nan, motocin da aka ƙera domin gudu da jin daɗin tuƙi.

Ƙarshen da yawa daga cikinsu shi ne hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke saye da nauyi, su yanka, ƙarfen ya koma rodin gini. Datsun 240Z ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kuma kuɗin wannan nauyi kawai mai ita zai karɓa. Alhali a watan Janairun 2020 an sayar da irinta, ƙirar 1971, a kan Dala 310,000 a wani gwanjon intanet a Amurka. Waccan motar ba ta yi tafiya mai yawa ba, kuma kusan komai nata na asali ne, saboda haka kada wani ya ɗauka kowace tsohuwar mota za ta kai haka. Darasin da ke ciki shi ne abin da masu saye suka biya wa kuɗin, wato asali. Wannan ne ya sa mugun gyara yake yi wa irin wannan mota ɓarnar da ta kusa kai ta ɗan gwangwan, sai dai shi mai ita ne ke biyan kuɗin ɓarnar daga aljihunsa.

Yadda suka yi suna

Kafin 1969 Turawa na kallon motocin Japan a matsayin ƙanana masu araha. A watan Oktoban wannan shekara kamfanin Nissan ya fito da Fairlady Z, wadda aka sayar a ƙasashen waje da sunan Datsun 240Z. Yutaka Katayama, shugaban reshen kamfanin na Amurka, shi ne ya tsaya tsayin daka a kanta. Injinta lita 2.4 ne mai silinda shida a jere, abin da kanikawa ke kira mai fulogi shida, da kafireto biyu da ƙarfin doki 151. An sa mata farashin kusan Dala 3,500, ƙasa ƙwarai da na Jaguar da Porsche, kuma ba ta yawan kwanciya a gareji kamar takwarorinta na Ingila.

Afirka ce ta tabbatar mata da ƙarfinta. A 1971 Edgar Herrmann ya lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka da 240Z, sannan a 1973 Shekhar Mehta, direban ƙasar Kenya, ya sake lashe ta da ita. Toyota Celica, wadda ta fito a ƙarshen 1970, ta karɓi tutar daga baya. Ta ci gasar Safari sau uku a jere, a 1984 da 1985 da 1986, ta kuma ci gasar ƙasar Kwaddebuwa a 1983 da 1985 da 1986. Waɗannan tsere ne na dubban kilomitoci a kan hanyar burji da ƙura da taɓo, yanayin da direban Arewa ya sani sarai.

A Najeriya kuwa zuwansu ya dace da lokacin arzikin man fetur. Ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya da ariyas a 1975, ya sa ma'aikata da dama sun mallaki abin hawa a karon farko. A shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, ta zama motar gwamnati da ta manyan ma'aikata, yayin da motocin Japan suka shiga hannun 'yan kasuwa da direbobin haya da matasan ma'aikata. Ita ma Katsina ta ga aikin Japanawa da idonta, domin kamfanin Kobe Steel ne ya gina masana'antar mulmula ƙarfe ta birnin, wadda aka buɗe a 1982. Bayan faɗuwar darajar Naira daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai kasuwa ta koma ga motocin Kwatano, waɗanda da yawansu ta Maraɗi da Jibiya suke shigowa. Ta wannan hanya ce wasu Celica da Prelude na shekarun 1980 da 1990 suka iso.

Yanzu ƙofar ta ƙuntata. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma dokar Kwastam ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita. Motar da ta haura shekara 40 ta wuce wannan iyaka nesa. Ma'ana, waɗanda ke cikin ƙasar a yau su ne jarin, kuma duk wadda aka yanka ta tafi ke nan.

Takardu kafin sifana

Aikin farko ba a gareji yake ba. Sau da yawa irin wannan mota ta mamaci ce, an raba gida da gona an bar ta saboda ana ganin ba ta da amfani. Matuƙar ba a raba ta ba, haƙƙin magada ne gaba ɗaya, har da mata da marayu. Wanda ya kashe miliyoyi a kan motar da ba a mallaka masa ba ya sayi rigima, domin ranar da ta fito tana ƙyalli kowa zai tuna cewa ta mahaifinsa ce. Abin da ya dace shi ne a ƙiyasta kuɗinta yadda take, a gaban shaidu, a biya sauran magada rabonsu, a rubuta. Haka kuma sayar da ita da nauyi ba tare da an binciki darajarta ba na iya zama tauye haƙƙin waɗanda ba su san abin da aka sayar ba.

Bayan wannan sai a nemo tsofaffin takardunta: shaidar mallaka, takardar biyan kuɗin Kwastam, tsohon lasisi da lambar da aka yi mata rajista da ita. A gwada lambar bodi da ta inji da abin da ke rubuce. A 240Z akwai ƙaramin allon ƙarfe a ɗakin inji mai ɗauke da lambobin biyu. Idan lambar bodi ta fara da HLS30, motar an ƙera ta da sitiyari a hagu. Idan HS30 ce, a dama aka ƙera ta, kuma ganin sitiyarinta a hagu na nufin wani ya juya shi. Wannan na buƙatar bincike na musamman, domin juya sitiyari aiki ne da ya taɓa birki da waya da sandar tuƙi, kuma dokokin hanya na Najeriya ba su amince da mota mai sitiyari a dama ba.

Motar da injinta na asali yake cikinta, lambarsa ta dace da ta allo, ta fi wadda aka sauya wa inji daraja a idon masana, ko da sabon injin ya fi ƙarfi. Saboda haka kafin a kwance ƙusa ɗaya, a ɗauki hoton kowane sashe da waya, a tanadi robobi da jakunkuna a rubuta sunan abin da aka zuba a ciki. Yawancin motocin da suka mutu a gareji sun mutu ne saboda an watsa kayansu a ƙasa, yaran gareji sun ɗauki wannan sun ara wa wancan.

Bodi shi ne motar

Inji ana iya gyara shi ko a sami wani, amma bodin da ya ruɓe sai dai haƙuri. Waɗannan motoci ba su da kwarangwal ɗin ƙarfe daban irin na a-kori-kura. Bodin kansa ne ke ɗauke da nauyin inji da ƙafafu, don haka tsatsa a wurin da bai dace ba na iya raba mota biyu a lokacin haɗari.

A nan Katsina tana da sa'a. Damina gajeriya ce, iska busasshiya ce a mafi yawan shekara, babu gishirin teku irin na Legas da Fatakwal, babu kuma gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Motar da ta yi rayuwarta a Arewa takan fi 'yar Kwatano lafiyar ƙarfe. Duk da haka akwai wuraren da ruwa ke kwanciya: ƙasan kafet, mazaunin batir, ramin safaya taya, ƙasan ƙofofi, gefen gilashin baya da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin inji. Motar da ta shekara goma a ƙarƙashin bishiya, ganye ya toshe mata hanyoyin ruwa, takan ruɓe daga ciki alhali fentinta na nan.

Matsala ta biyu ita ce fila. Masu bugun mota da yawa sun saba cike lotsawa da fila mai kauri maimakon su buga ƙarfen ya koma daidai, domin ya fi sauri kuma mai mota na gaggawa. Ƙaramin maganaɗisu ya isa ya tona wannan: inda ya ƙi kamawa, fila ce. Zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, yakan sa ƙarfe ya buɗe, filar ta tsage, ruwa ya shiga. Gyaran ƙwarai shi ne a kankare fenti har ƙarfe, a yanke ruɓaɓɓen wuri, a yi waldar sabon falle mai kauri ɗaya da na asali, a shafa maganin tsatsa ciki da waje, sannan a yi amfani da fila sirara domin daidaita fuska kawai. Walda da wutar kabaid mai yawa tana lanƙwasa siraran ƙarfen Japan, saboda haka a nemi mai walda da ya iya ɗigawa kaɗan-kaɗan yana barin wurin ya huce.

Game da launi, akan sami lambar fentin asali a jikin motar, kuma ko ta goge, ƙasan kafet da cikin but kan nuna launin farko. Komawa gare shi ya fi riƙe daraja. Wanda ya sauya launi kuwa wajibi ne ya je ofishin lasisi a gyara takardu. Sannan a kula da lokaci, domin fentin da aka fesa a fili cikin hunturu yana kwasar ƙura kafin ya bushe.

Kada a yi gaggawar tayar da inji

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo batir da galan ɗin fetur a ce bari a ji ko za ta tashi. Injin da ya shekara da shekaru a tsaye ya bushe, zoben fistin na iya mannewa, kuma tsohon fetur ya zama danƙo a tanki da kafireto. Murza shi a haka na iya karce silinda cikin daƙiƙa kaɗan. Tsarin da ya dace shi ne a cire fulogai, a ɗiga mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu ta hanyar sifana. Idan ya juya lafiya sai a zubar da tsohon baƙin mai, a sauya matata, a sauke tanki a wanke, a sauya duk tiyon fetur. Bayan haka a auna matsin kowace silinda. Idan alƙaluman sun yi kusa da juna, wataƙila injin ba ya buƙatar a buɗe shi. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, sai a sauke.

Abin farin ciki shi ne Japanawa sun riƙa amfani da zuriyar inji ɗaya a motoci da yawa. Injin 240Z ɗan gidan L ne, dangin wanda ke cikin Datsun Laurel da Cedric da wasu Nissan Patrol na shekarun 1980. Wasu Celica na ɗauke da 18R ko 22R, waɗanda aka sani a Corona da Hilux. Saboda haka tsofaffin kanikawan da suka yi aiki a kan waɗancan motoci sun san cikin wannan. Su ne kuma suka iya daidaita kafireto biyu da kunne, sana'ar da ke ɓacewa tun da injekta da na'urar gano matsala ta kwamfuta suka karɓe gareji. Mazda RX-7, wadda ta fito a 1978, ita ce ta fita daban. Injinta ba shi da fistin irin na sauran, kuma bai kamata a ba wanda bai taɓa buɗe irinsa ba ya koya a kanta.

Akwai batun fetur. An ƙera injunan farkon shekarun 1970 lokacin da ake zuba dalma a fetur, kuma dalmar na kare mazaunin bawul. An daina sayar da irin wannan fetur a Najeriya shekaru da dama da suka wuce. Idan har an buɗe kan inji, dama ce ta sa mazaunin bawul na ƙarfe mai tauri, gyaran da ido ba ya gani amma yake ƙara wa inji shekaru.

Sai batun zafi. Al'ada ce a garejinmu a cire tamostat a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne. Aikin tamostat shi ne ya kai inji ga zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya riƙe shi a nan. Injin da ke aiki da sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, musamman da safiyar hunturu. Idan mota na zafi, a duba lagireto da ya toshe, da famfon ruwa, da bel, da murfin lagireto. Ruwan rijiya ko na burtsatse na barin ƙasa-ƙasa a cikin bututu, kuma yana cin kan inji na alminiyam. Ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ke ɗauke da maganin tsatsa, shi ya dace.

Abin da ya shafi rai

Yawancin waɗannan motoci ba su da jakar iska, ba su da birkin zamani mai hana taya kullewa. Abin da ke tsakanin direba da kabari shi ne birki da taya da bel. A nan ba a neman asali, ana neman sabo. Duk tiyon birki na roba a sauya shi, haka robobin cikin famfon birki, haka man birki, wanda ke tsotsar laima kuma ya kamata a sauya shi duk bayan shekara biyu. Robobin ƙafafu da shokozoba da bol-joyin sun daɗe da mutuwa a rana ko da motar ba ta motsa ba.

Taya na tsufa ko ba a hau ta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo mai kyan zane amma tsohuwa ita ce ke fashewa a hanyar Katsina zuwa Kano da tsakar rana. Bel ɗin kujera da rana ta cinye shi ma a sauya shi, domin zarensa na iya tsinkewa a lokacin da ake buƙatarsa.

Waya ita ce ke ƙone tsofaffin motoci. Rufinta ya bushe, ɓeraye sun ci, kuma kowane mai gyaran waya da ya taɓa motar ya bar nasa ƙulli. An san akwatin fis na 240Z da yin zafi har ya narke, saboda wutar fitilun gaba na bi ta cikinsa kai tsaye. Ƙara rile a layin fitilu na sauke masa wannan nauyi. Fis ɗin da aka ɗaure da zaren waya kuwa gobara ce ke jiran rana. Tukunyar kashe wuta, wadda dama Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke tambaya, ta zama a inda hannu zai kai.

Gyaran zamani mai mutunci

Katsinawa sun san bambancin dokin hawan sallah da dokin folo. Na farko ana lulluɓe shi da ado domin ya yi tafiyar ƙasaita a gaban sarki. Na biyu sirdi mara nauyi da linzami kawai yake buƙata, domin aikinsa gudu da juyi. Motar da ake magana a kanta dokin folo ce. Kyanta na cikin rashin nauyinta da tsabtar layinta, kuma duk abin da aka ɗora mata wanda bai ƙara mata lafiya ba ya rage mata wani abu.

Masu wannan harka a duniya suna da ma'auni mai sauƙi na tambayoyi biyu. Shin gyaran ya magance wata matsala ta gaske? Shin za a iya kwance shi a mayar da motar yadda take ba tare da walda ba? Wanda ya amsa duka biyu da e, gyara ne. Wanda ya faɗi a ta biyu, a yi dogon tunani.

Gyare-gyaren da suka ci wannan jarrabawa suna da yawa. Akwai sauya tsohon tsarin wuta mai kwantak da na lantarki, wanda ke ɓoye a cikin distirbuta kuma yake kawar da wahalar tashi da safe. Akwai lagireto na alminiyam mai faɗi, wanda ya dace da zafin Arewa. Akwai giya biyar ta 280ZX da ke shiga mazaunin giya huɗu ta 240Z, ta rage ihun inji da shan mai a doguwar hanya, abin da ya zama muhimmi tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Masu 240Z da dama kan sa mata maƙallan birkin gaba na Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, waɗanda ke ɗauruwa a mazaunin asali. Haka kuma matatar iska mai kyau ta zama dole a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Rediyo na zamani ana iya ɓoye shi a aljihun gaba a bar na asali a wurinsa. Sharaɗi ɗaya ne a kan duka: duk abin da aka cire a wanke shi, a naɗe, a ajiye. Ranar sayarwa, kwalin kayan asali na iya ƙara wa motar kuɗi fiye da kayan da aka saka.

Waɗanda suka faɗi jarrabawar su ma sanannu ne. Yanke bakin taya domin a sa rim mai inci 18 a motar da aka ƙera da inci 14 yana lalata bodi, yana ƙara wa sitiyari nauyi, kuma siririyar taya ba ta jure ramukan titi. Yanke sifirin domin motar ta kwanta ƙasa yana kashe shokozoba, kuma tudun rage gudu na farko zai fasa kaskon baƙin mai. Huda ƙofofi domin manyan lasifika, da fasa rufi, da manna fitilu masu walƙiya, da cire tukunyar salansa domin ƙara, duk suna cikin garin neman gira a rasa ido. Gilashi mai duhu kuma na buƙatar izinin 'yan sanda. Wanda ke son sauya rim ya nemi irin na zamanin motar, kamar ƙirar Watanabe mai ƙafa takwas, ya tsaya a inci 14 ko 15.

Sauya inji gaba ɗaya da na Camry ko wata motar zamani shi ne babban yanke shawara. Idan injin asali ya fashe ba ya gyaruwa, wanda ya fi kusa shi ne ɗan gidansu, kamar L28 a madadin L24, domin yana zama ba tare da yanka ba. Ko a nan a ajiye tsohon, a kuma shigar da sabuwar lamba cikin takardu.

A cikin mota, rana ce babbar abokiyar gaba, ita ke tsaga dashbod ta ƙone kujeru. Katsina da Kano na da masu ɗinkin kujera da dukawa da suka iya aiki. Abin da ake buƙata shi ne a ba su tsohuwar rigar kujerar su kwaikwayi zanenta da ɗinkinta, a guji launi biyu masu faɗa da juna da sunan mai mota a jikin matashi.

Lissafin kuɗi

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tayar da tsohuwar mota yakan ci fiye da abin da aka ƙiyasta, kuma a mafi yawan lokuta kuɗin da aka kashe ya fi abin da za a samu idan an sayar a kasuwar gida. Ɗan kasuwa kada ya taɓa jarinsa, ma'aikaci kada ya ci bashi a kan albashinsa saboda labarin gwanjon Amurka. Farashin can ya tashi ne saboda dalilansu, ciki har da dokar da ta ba da damar shigar da motar da ta kai shekara 25, da kuma mutanen da suka so waɗannan motoci suna samari suka sami kuɗi da girma. Fitar da mota zuwa can na da nasa kuɗin da takardu.

Kayan inji da na birki akan same su a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Waɗanda ke wahala su ne ƙananan abubuwa: gilashin fitilar baya, tambarin suna, robar gilashi, bamba da agogon dashbod. Waɗannan sai an yi oda da Dala, shi ya sa mota cikakkiya wadda ba ta tashi ta fi mai tashi wadda aka kwashe wa kaya. Kamfanonin da kansu sun gane darajar tsofaffin motocinsu. A 1996 Nissan ta fara sayen tsofaffin 240Z a Amurka tana sabunta su tana sayarwa. A 2017 Mazda ta buɗe shirin sabunta MX-5 ta farko, Nissan kuma ta koma ƙera kayan Skyline GT-R. A 2020 Toyota ta bi sahu da kayan Supra da 2000GT.

Yarjejeniya da bakanike ta kasance a rubuce, mataki-mataki: bodi, ƙafafu da birki, inji, waya, fenti, sannan kujeru. A biya kuɗin kowane mataki bayan an ga aikinsa. Wanda ya fara da fenti da rim zai sake biyan kuɗin fenti bayan an gama walda.

Wanda kuma ya duba aljihunsa ya ga ba zai iya ba a yanzu, akwai abin da zai yi da kuɗi kaɗan. Ya janye motar daga ƙarƙashin bishiya zuwa inuwar rumfa, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya cire batir, ya zubar da tsohon fetur, ya toshe bakin salansa saboda ɓeraye, ya rufe ta da yadi mai shan iska maimakon leda, ya adana takardunta tare da na gida. Motar da aka ajiye haka za ta jira shekara goma ba ta ƙara lalacewa sosai ba, har a sami ɗa ko jika ko mai saye da ya san abin da ke gabansa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka rufe bakin tulunta.